Mai Cire Hula A Bakin Ƙofa

"Ke, kada ki waiwaya. Shi ne a bayanmu."

"Wa?"

"Mutumin nan mana na talabijin. Wanda in ya ƙwanƙwasa miki ƙofa sai ki fara neman baƙaƙen kaya."

"Wayyo ni. Me ya kawo shi gidan burodi?"

"Ji wata magana. Shi ba ya cin abinci ne?"

"Ni dai bari in kira maigidan. Tun da safe ya fita da kwalekwale, ga iskar nan."

"Ke kam akwai tsoro. Fim ne fa."

"Na san fim ne. Riƙe min jakar."

Ina tsaye kusa da Mogens Hedelund a layin masu sayen burodi a garinmu Kalundborg ranar da aka yi wannan hirar, kuma duk abin da na ji shi ma ya ji. Ya sunkuyo da dogon wuyansa tsakanin matan biyu ya ce, "Baiwar Allah, kwantar da hankalinki. Yau hutu nake." Duk shagon aka kwashe da dariya, har da ita. Amma wayar nan sai da ta buga, kuma ba ta ajiye ba sai da ta ji muryar mijinta.

Ko ka kalli fina-finansa duka da wuya ka san sunansa, don can ƙasa ake rubuta shi, kusa da masu dafa wa ma'aikata abinci: ɗan sanda na biyu, likita, fasto, wani lokaci ma "mutumin bakin ƙofa" kawai. Amma fuskar, babu gidan da ke da talabijin a Denmark da bai san ta ba. Doguwa ce, idanun sun ɗan sauko ta gefe kamar na mai neman afuwa, bakin a tsuke kamar yana riƙe da wani abu mai zafi. Aikinsa ɗaya ne a kowane fim. Za a ƙwanƙwasa ƙofa, mace ta buɗe, sai ga shi tsaye. Ya dube ta, ya sunkuyar da kai, ya cire hula. Daga nan mai kallo ya san sauran.

Ba haka ya faro ba. Ɗan mai sayar da kifi ne a bakin tashar jiragen ruwa, kuma tun yana ƙarami aikinsa ba mutane dariya. Yakan laɓe bayan akwatunan kifi ya kwaikwayi muryar matar magajin gari tana taya farashi, uban ya juyo da ladabi ya ga babu kowa. Da ya girma ya shiga ƙungiyar masu wasan barkwanci da ke yawo garuruwan bakin teku da bazara. Waɗanda suka gan shi a lokacin sun ce idan ya fito a matsayin mashayi yana neman makullin gidansa, sai an riƙe ciki.

Fim ya same shi ne ta hanyar mura. Ana ɗaukar wani labarin masunta a kusa da garinmu, wanda zai fito a ɗan sanda ya kwanta rashin lafiya, aka duba aka ga kakin ya yi wa Mogens daidai. Magana ɗaya aka ba shi: ya gaya wa matar wani masunci cewa an tsinci kwalekwalen mijinta babu kowa a ciki. Aka kunna fitilu, ya ƙwanƙwasa, jarumar ta buɗe, sai maganar ta ɓace masa ƙaf. Ya tsaya yana kallonta. Da ya rasa abin yi sai hannunsa ya tafi ga hula, don mahaifiyarsa ta raine shi a kan cewa namiji ba ya tsayawa a ƙofar mutane da hula a kansa. Ya cire, ya riƙe ta a ƙirji. Jarumar ta dubi hular, ta dube shi, ta zube ƙasa tana kuka.

Shi yana jiran faɗa. Daraktan ya zo ya rungume shi.

"Na manta maganar ne fa," in ji Mogens.

"To ka ci gaba da mantawa," in ji darakta. "Kada ka kuskura ka tuna."

Tun daga ranar bai sake rasa aiki ba, kuma bai sake samun wani aiki ba sai wannan. Kayan jikin ne kawai ke sauyawa. Yau kakin ɗan sanda, gobe na soja, jibi baƙar rigar fasto. In likita ne babu hula, sai ya cire tabarau, duk ɗaya ne. Har wata al'ada ta samu a wurin ɗaukar fim saboda shi: ba a bari jarumar ta gan shi kafin a fara. A wani ɗaki daban ake ajiye shi, a kai masa kofinsa can, ya ci burodinsa shi kaɗai, sai lokaci ya yi a zagayo da shi ta baya a tsayar da shi a ƙofar. Wata tsohuwar jaruma ta taɓa gaya min, "Ni ba na buƙatar a ɗiga min komai a ido. Ku dai kawo min Mogens. Ina buɗe ƙofa sai in ji duk wanda na taɓa binnewa ya sake mutuwa."

Sau ɗaya ya yi ƙoƙarin tserewa. Wani matashin darakta ya ba shi kaka mai ban dariya a fim ɗin yara, yana koya wa jikanyarsa tuƙa keke. Da aka nuna wa mutane don a ji ra'ayinsu, babu wanda ya yi dariya. Iyaye mata suka riƙa jawo 'ya'yansu jiki, kowa yana jiran mota ta fito ta kaɗe yarinyar. Aka cire shi aka sa wani.

A rediyo na san shi, inda nake rubuta wasanni. Can babu wanda ke ganin fuska, kuma can ne Mogens na bayan akwatin kifi yake raye. Ya yi min matuƙin jirgin fito mai zagin fasinjoji, ya yi min tsohon tuzuru mai neman aure, ya taɓa yi min agwagwa. Muryarsa mai ɗumi ce, tana da ɗan kaushi a ƙasa, kullum kamar dariya na laɓe a bayanta. Masu sauraro suna son muryar, suna tsoron fuskar, kuma ba su taɓa sanin mutum ɗaya ba ne. Jirgin ƙasa ɗaya muke shiga zuwa Copenhagen mu dawo tare, shekara da shekaru, kuma kujerar da ke gefensa ba ta cika samun mai zama ba in ba ni ba.

A unguwa ya koyi zama da abin. In zai je aron tsani gidan maƙwabci, tun daga nesa yake fara busa fito da baki, don su san lafiya ce ta kawo shi. In za su je ziyara, matarsa Gerda ce ke ƙwanƙwasa ƙofa, shi ya tsaya baya da kwalin kek a hannu. Asibiti kuwa ba ya zuwa duba kowa. Ya ce ba zai ɗauki alhakin mara lafiya ba.

Gerda mai sayar da tikiti ce a silimar garin, gajeriya, mai faɗin kafaɗa, mai bakin da ba ya raga wa kowa. A tagar tikitin suka haɗu. Ya zo kallon fim ɗinsa na farko a ɓoye, ya ja hula har gira, ta leƙo ta ce, "Kai ne ka sa ni kuka jiya har hancina ya kumbura. Kofi za ka saya min." Idan an gama sayar da tikiti takan shiga ta tsaya a bayan zaure ta kalli fim ɗin, kuma fim ɗaya yakan yi makonni ana nuna shi. Babu mahalukin da ya kalli Mogens yana cire hula kamarta. Amma ita abin dariya ta mayar da shi. In ya dawo daga aiki, tana jin motsinsa a zaure za ta ɗaga murya daga kicin:

"Wa ka kashe yau, tsoho?"

"Wani direban babbar mota."

"Matar tana da kyau?"

"Ba laifi."

"To wanke hannu ka zo ka feraye dankali, Mala'ikan Mutuwa."

'Ya ɗaya suka haifa, Vibeke, wadda ta yi aure a Odense. Suka tsufa a gidansu mai jan rufi, da bishiyar tuffa a baya. Silimar ta rufe, Gerda ta koma noman furanni da faɗa da maƙwabta a kan shinge.

Sai mantuwa ta fara mata. Da farko ƙananan abubuwa ne, makulli a cikin firji, sunan jika ya ɓace ya dawo. Mogens ya daina karɓar aiki ya zauna da ita. Wata ranar Talata na gan shi a tasha ba jirgi yake jira ba, zaune kawai yake a benci. Na zauna kusa da shi.

Ya ce madara ya fita saye. Da ya dawo ya tarar ya bar makullinsa a ciki, sai ya ƙwanƙwasa. Gerda ta buɗe. Ana yayyafi, ya cire hula don ya kakkaɓe ta.

"Ta dubi hular," in ji shi, "ta dube ni. Ta ce, 'Mogens ne ko? A ina? A jirgin ƙasa?' Na ce Gerda, ni ne. Ta ce, 'Ya sha wahala?' Na ce ni ne fa, ga madarar. Ta zauna a ƙasa a nan zaure. Na sha ganin mata suna faɗuwa a gabana, duk na san yadda suke yi. Babu wadda ta taɓa yin irin ƙarar da ta yi."

Zuwa yamma ta dawo hayyacinta, har ta yi masa faɗa a kan madarar da ya bari a waje. Amma abin ya sake faruwa, ya kuma sakewa. Ciwon ya riƙa cinye mijin da ta sani a teburin cin abinci, ya bar mata wanda ta sani a allon silima. Kafin sanyi ya shigo, Vibeke ta zo suka kai ta gidan kula da tsofaffi da ke kan tudu, inda tagogi ke kallon teku.

Can abin ya ƙara muni, don yanzu kullum daga waje yake zuwa. Duk ziyara sai ya bi ta ƙofa. Yana tsayawa a bakin ɗakinta za ta ɗago, fuskarta ta zube, ta tambaye shi yadda mijinta ya mutu. In ya tafi ta wuni tana kuka, ta ƙi abinci, tana roƙon ma'aikata su nemo mata baƙar riga. Washegari ta manta, ta tashi tana tambaya ina Mogens ya shiga ne bai zo ba. In ya zo, ya sake kashe mata shi.

Ya gwada duk abin da ɗan wasa zai gwada. Ya bar hular a gida. Ya aske gashin bakinsa. Ya sayi wata suwaita ruwan ɗorawa mai hoton barewa, irin wadda ko yaro zai ji kunyar sawa. Ya zo da furanni, abin ya fi na kullum ɓaci. Ya zo yana murmushi tun daga nesa, ta ce wa nas, "Dubi yadda yake ƙoƙarin sauƙaƙa min."

Sauran tsofaffin ma ba su bar shi ba. Akwai wani tsohon matuƙin jirgi, Aksel, da ke zama a baranda da bargo a gwiwa. Yana hango shi zai ɗaga sanda.

"Ba ni ba ne dai ko?"

"Ba kai ba ne, Aksel."

"To wuce ɗaki na gaba, wancan ya fi ni tari."

Aksel wasa yake yi. Matan da ke jan ƙofofinsu a hankali idan ya wuce, su ba wasa suke ba.

Shugabar ma'aikatan, Solvej, mace ce mai haƙuri da ba ta iya kwana-kwana ba. Ta kira shi ofis, Vibeke na zaune, ni kuma na rako shi ina daga bakin ƙofa.

"Mogens, jiya sai da muka ba ta maganin barci da rana. Ta rame. Ba zan ce kada ka zo ba, ba ni da wannan ikon. Amma ka ga abin da zuwan ke yi."

"Matata ce."

"Na sani."

"Baba," in ji Vibeke, "kullum sai ta yi sabon zaman makoki. Kullum fa. Kai za ka iya jurewa, ita ba za ta iya ba. Ka ɗan huta mata."

"In huta mata," ya maimaita, kamar yana gwada maganar da aka rubuta masa ya ji ko za ta zauna a baki. Ya miƙe, ya kai hannu kai don ya gyara hula, ya tuna babu.

Ya daina shiga. Amma bai daina zuwa ba. Akwai benci a lambun gidan, bayan wata bishiya, inda ake hango tagarta. Nan yake zama da fulas ɗin kofi, cikin sanyin da ke fasa leɓe, yana kallon farin kanta daga nesa. Solvej ta ce Gerda ta fara cin abinci. Ta kuma ce kullum sai ta tambaya, wai ko Mogens ya samu wata ce a Copenhagen.

A wannan bencin na same shi wata rana, hancinsa ya yi ja.

"Kai da kake rubuta wa mutane magana," ya ce, bai ko dube ni ba, "rubuta min yadda miji ke shiga ɗaki."

Na ce ban gane ba.

"Na zauna na tuna fina-finan nan duka. Ka san ban taɓa shiga ba? Akwai layin da suke ja min da alli a bakin ƙofa, nan nake tsayawa. In na cire hula sai a juya kyamara kan matar, a ce an gode Mogens, a kai ni tasha. Ban taɓa tsallake layin ba. Yanzu ko a ɗakinta, ina isa ƙofa ƙafata ke tsayawa da kanta. In tsaya, in dube ta, in ja numfashi. Ni kaina ina jin ina yi, amma na kasa hanawa."

Na yi ta tunani, don ni ma ban taɓa rubuta irin wannan shigar ba. A rediyo miji ba ya shiga ɗaki. In ka sa ƙarar ƙofa, mai sauraro zai ɗauka baƙo ne ko labari. Miji kuwa sai dai a ji shi kawai, yana tsakiyar magana, yana neman wani abu da ya ɓata, kamar tun jiya yana nan. Na gaya masa haka.

Ya juyo ya dube ni da idanun nan nasa. "Kamar tun jiya ina nan," ya ce.

Da muka kai wa Solvej dabarar, ba ta so ba da farko. Ta ce in abin ya ɓaci, ita za ta kwana da kukan. Daga baya ta ce ta yarda a gwada sau ɗaya, kuma tana tsaye. Aka shirya cewa za a shigar da shi lokacin da Gerda ke ɗakin cin abinci da rana. Akwai ɗan wurin wanke kofuna a lungun ɗakinta, bayan inda ake ajiye kujerarta. Nan zai tsaya, ya ba ƙofa baya. Ni aka ba ni kujera a kusurwa a matsayin mai gyaran na'urar ɗumama ɗaki, don ya ce in ba ni ba zai iya ba, bai taɓa wasan murya babu wani a bayan gilashin ɗakin rediyo yana sauraro ba.

Mogens ya buɗe famfo. Muka ji ƙarar tayoyin kujera a baranda. Solvej ta turo ta ciki, ta wuce da ita kai tsaye gaban taga, ta gyara mata bargo. Gerda ta ƙanƙance, wuyanta kamar na tsuntsu. Ko kallon lungun ba ta yi ba.

Ruwa na zuba, kofuna na ƙara. Sai muryar ta fito, ba ta fim ba, ba ma ta rediyo ba, wata ce da ban taɓa ji ba, ta cikin gida, mai ƙunƙuni.

"Wai ina kika kai ƙaramin cokalin nan ne? Kullum sai na neme shi."

Solvej ta riƙe hannun kujerar da ƙarfi.

"Yana inda ka bar shi," in ji Gerda, tana kallon teku. "Ido ne ba ka da shi."

"Na duba."

"Ka duba da baki dai. Ɗaga tawul."

Ya ɗaga tawul ɗin da babu komai a ƙarƙashinsa. "Af. Ga shi."

"Af," ta kwaikwaye shi. "In na mutu ko wandonka ba za ka iya samu ba."

Na ga kafaɗunsa sun motsa, ya dafa bakin wurin wankin da hannu biyu. Amma muryar ba ta karye ba. Ya tambaye ta ko za ta sha kofi, ta ce in dai ba irin ruwan wankin da ya saba dafawa ba ne. Ya miƙa wa Solvej kofin, Solvej ta sa mata a hannu. Ta kurɓa ta ce ruwan wanki ne. Ta tambaye shi ko ya ɗaure bishiyar tuffa kafin iska, ya ce ya ɗaure. Ta ce ƙarya yake yi. Ya ce ƙarya yake yi.

A hankali ya matso har ya tsaya daf da bayan kujerar. Akwai mataji a kan teburi, ya ɗauka ya fara taje mata gashi, daga goshi zuwa ƙeya. Ta lumshe ido, ta jingina kanta da cikinsa.

"Ina ka shiga ne kwana biyu?"

"Aiki."

"Aiki," ta ce. "Tana da kyau?"

"Ba laifi."

Ta yi 'yar dariya ta hanci. Solvej ta juya ta fuskanci bango, tana goge ido da bayan hannu.

Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka a haka ba. Ta ba shi labarin wata mata da ke satar mata man shafawa, ya ce zai yi maganinta. Ta yi gyangyaɗi ta farka. Ba mu lura da abin da ke faruwa a waje ba, mu duka ukun. A wannan watan na sanyi tun kafin la'asar rana ke faɗuwa, kuma fitilar ɗakin a kunne take tun shigowarmu. Teku ya yi toka-toka, ya yi baƙi, tagar ta daina nuna waje ta fara nuna ciki.

Gerda ta buɗe ido. Na ga yatsunta sun ƙanƙame bargon.

"Mogens," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kada ka yi motsi. Ga shi can ya sake zuwa."

Ya ɗago. A cikin gilashin, sama da farin kanta, wani dogon mutum na tsaye a cikin duhun lambu, fuskarsa doguwa, idanunsa sun sauko ta gefe, ya sunkuyar da kai yana kallonta. Babu hula a kansa, kamar ya riga ya cire. Mogens ya tsaya da mataji a hannu, mutumin ma ya tsaya. Na daɗe da sanin fuskar nan, amma ni ma sai da na ji sanyi ya bi ta bayana.

"Kullum sai ya zo," in ji ta. "Wai kai ne ka mutu. Na gaya musu ƙarya yake yi, ba su yarda ba. Ka gan shi?"

Solvej ta taka za ta matso, Mogens ya ɗaga mata yatsa ɗaya ba tare da ya juya ba.

"Na gan shi," ya ce.

"Me muka yi masa ne?"

"Ba mu yi masa komai ba. Aikinsa ke nan, an turo shi ne. Ina jin shi ma ba so yake ba."

"Tausayi ma yake ba ni wani lokaci," ta ce. "Dubi yadda ya tsaya a cikin sanyi. Ko wa ke gare shi a gida, oho."

Ta ɗaga hannu ta baya tana lalube, ba ta juyo ba, har ta kama hannun rigarsa, ta bi shi zuwa wuyan hannu, ta riƙe gam. A cikin gilashin ma matar ta riƙe hannun mutumin, amma ita idonta na kan fuskarsa kawai.

"Kada ka fita wurinsa, ka ji ko? In ka fita ba za ka dawo ba, na sani." Ta ɗan juya kai wajen Solvej. "Ke 'yar nan, don Allah ja mana labulen nan, ki je ki gaya masa ya yi haƙuri ya tafi. Ki ce masa maigidan yana ciki."